Tarihin Golda Meir, Macen Da Ta Mulki Isra'ila Da Tsoron Ƙuruciyarta

Duk mai son ya fahimci abin da ke tunzura shugabannin Isra'ila a kan Falasɗinawa, ya kamata ya dubi rayuwar Golda Meir, macen da ta riƙe muƙamin Firayim Minista daga 1969 zuwa 1974.

An haife ta ran 3 ga watan Mayu, 1898, a birnin Kiev, wanda a lokacin ke ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinta kafinta ne, matalauci. Abin da ta fara riƙewa a zuci tun tana ƙarama shi ne ranar da ta ga yana buga katako a ƙofar gidansu, domin an ji ƙishin-ƙishin za a auka wa Yahudawa da kisa. A 1906 iyalin suka koma Milwaukee ta Amurka, inda ta yi karatun malanta. Ta auri Morris Meyerson a 1917, kuma a 1921 suka yi ƙaura zuwa Falasɗinu, wadda ke hannun Ingila.

A 1938 ta halarci taron Evian a Faransa a matsayin 'yar kallo. Ƙasashe 32 suka hallara don duba halin Yahudawan da ke tserewa daga Hitila, amma kusan dukansu suka ƙi buɗe musu ƙofa. Bayan haka aka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a Turai. Daga nan ta ɗauki darasin da ita da tsararrakinta suka gina siyasarsu a kai, wato Bayahude ba shi da majingina sai ƙarfin kansa.

A farkon 1948 ta tafi Amurka ta tara kimanin dala miliyan 50, waɗanda suka taimaka wajen sayen makamai. Tana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar kafa Isra'ila ran 14 ga Mayu, 1948. A yaƙin wannan lokaci Falasɗinawa fiye da 700,000 suka gudu ko aka kore su daga gidajensu. Ita kanta ta zaga unguwannin Larabawa a Haifa, ta tarar da gidaje wayam, har ta shaida wa abokan aikinta cewa abin ya tuna mata da garuruwan Yahudawan Turai. Duk da haka gwamnatin da ta yi wa aiki ta hana masu gudun hijirar komawa, ko da yake Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na 194 a Disambar 1948 cewa a bar su su koma. Mutanen Yauri da ruwan Kainji ya tasa daga tsibiransu a 1968 sun san zafin rabuwa da kufan iyaye, alhali su an gina musu sababbin matsugunai. Falasɗinawa kuwa tantuna suka samu.

Ta zama Ministar Ƙwadago a 1949, sa'an nan Ministar Harkokin Waje daga 1956 zuwa 1966. A wannan zamani ta yi ta zawarcin ƙasashen Afirka, ta ziyarci Nijeriya, amma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ƙi yarda Jihar Arewa ta karɓi taimakon Isra'ila.

Da ta hau mulki, sai ta gaya wa jaridar Sunday Times ta Landan a Yunin 1969 cewa ba a taɓa yin wata al'umma mai suna Falasɗinawa ba. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Al'ummar da ta tashi da tunanin ana shirin shafe ta takan ɗauki kowane mai jayayya da ita tamkar makashin jiya. Amincewa da cewa an zalunci Falasɗinawa zai girgiza labarin da Isra'ila ke ba kanta, cewa ita ce abar tausayi, don haka musun samuwarsu ya fi sauƙi.

Bayan nasarar 1967 tsoron ya haɗu da raina abokin gaba. A 1971 Shugaba Anwar Sadat na Masar ya nuna yana son sulhu in za a janye daga yankunan da aka mamaye, gwamnatinta ta ƙi komawa kan iyakokin da. Ran 6 ga Oktoba, 1973, Masar da Siriya suka kai harin ba-zata, Isra'ila ta rasa soja fiye da 2,500. A watan ne Nijeriya, ƙarƙashin Janar Yakubu Gowon, ta yanke hulɗa da Isra'ila, ba a maido ta ba sai 1992. Fushin jama'a ya sa Golda ta yi murabus a Afrilun 1974.

Ta mutu a birnin Ƙudus ran 8 ga Disamba, 1978, tana da shekara 80, watanni kaɗan kafin Isra'ila ta sa hannu a yarjejeniyar da ta kai ga mayar wa Masar yankin Sinai, wanda ita ta ƙi saki. Tambayar Falasɗinawa kuwa, da ta ce babu su, ita ce ta bar wa magadanta ba a warware ba.