Takaitaccen Tarihin Dakta Andrew Stirrett, Bature Mai Magani (1865-1948)

A wannan biki na cikar ikkilisiyarmu shekara 50, ya kamata mu tuna da waɗanda suka yi sassabe kafin mu zo girbi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dakta Andrew Park Stirrett, wanda kakanninmu suka sa wa suna Bature Mai Magani.

An haife shi a ƙasar Kanada a shekara ta 1865. Ya koyi haɗa magunguna, har ya mallaki kantunan magani a birnin Toronto, ya kuma karanta aikin likita. Yana da shekara 37 sa'anda ya ji kiran Ubangiji zuwa ƙasar Hausa. Sai ya ba da dukiyarsa ga aikin bishara, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila, daga can ya iso Nijeriya a 1902, ya sauka a Pategi, a bakin kogin Kwara.

A lokacin nan aikin SIM yana gab da mutuwa. Cikin samari uku da suka fara zuwa a 1893, Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent kuma a Bida, dukansu a 1894. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida, da ya sake dawowa kuma a 1900, zazzaɓi ya kore shi. Taimakon Dakta Stirrett ƙaramin abu ne a ido. Ya nace wa abokan aikinsa su sha kwinin kowace rana, ba sai ciwo ya kwantar da su ba. Da wannan 'yar ƙwaya Allah ya tsawaita ran ma'aikata da yawa, aikin kuwa ya kafu.

Ya ƙaunaci Hausawa da harshensu ƙwarai. Yana cikin waɗanda suka yi aiki tare da Dakta Walter Miller na CMS, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Ya kuma yi wahala a kan waƙoƙin sujada na Hausa. Bai taɓa yin aure ba. Da ya koma Jos da zama, yakan fita kasuwa ya yi wa fatake wa'azi, ya duba marasa lafiya, har cikin tsufansa. Ya huta daga wahalarsa a Jos a 1948, bayan shekara 46 yana hidima.

Ko da yake Jos ne mazauninsa, mu na Karaye da Rogo mun ci amfanin aikinsa. Littafin da iyayenmu suka koyi karatu da shi, da hannunsa a ciki. Mishan ɗin da ya taimaka ta tsaya da ƙafafunta ita ce ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943, inda tsofaffinmu da yawa suka sami gani, daga cikinta kuma ECWA ta fito a 1954.

Me za mu koya? Yawancin aikin Ubangiji irin na kwinin ɗin nan ne: kaɗan kaɗan, kowace rana, ba mai yabo. Shekara 50 ɗin nan ba fastoci kaɗai suka riƙe su ba. Akwai matar da take share majami'a kowace Asabar, da 'yan Zumuntar Mata masu kai wa maijego kunu, da manomin da yake kawo damin dawa na zakka, da mai ɗakin magani da yake wanke gyambo, da yarinyar da take jinyar kakarta. Sunayensu ba sa cikin littafin nan, amma in suka gaji suka daina, ikkilisiya za ta ji a jikinta.

Saboda haka muna roƙonku abu biyu. Na fari, kafin a tashi daga bikin nan kowa ya nemi mutum ɗaya irin waɗannan, ya gode masa da bakinsa. Na biyu, mu ba su hutu. Mishan ma ta gina gidan hutu a Miango, gama ta gane jiki ba ƙarfe ba ne. Matasa su karɓi tsintsiya da tulu daga hannun iyayenmu mata, aƙalla ran Lahadi, domin su ma su zauna su yi sujada da kwanciyar rai.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya kuma kai 'ya'yanmu ga bikin shekara 100. Amin.