Tafawa Ɓalewa: malamin makarantar da muryarsa ta bi ta sararin samaniya

Mu nan Fashaga da Gadarif, da yawanmu sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa kawai muka sani, sai ko hotonsa a takardar naira biyar idan wani ya zo da ita daga ƙasar kakanni. Ni abin da ya fara jawo ni gare shi, ɗan alli ne irina. An haife shi a ƙasar Bauchi a 1912, ya shiga Kwalejin Katsina ta horon malamai a 1928, ya fito a 1933 ya koma koyarwa a Midil ta Bauchi. A lokacin ne ya rubuta Shaihu Umar, labarin uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta, ba wasiƙa ba ɗan aike. Duk wanda kakansa ya tako da ƙafa daga Sakkwato ko Kano da niyyar Makka, zama ya kama shi a nan, ya san irin wannan shirun.

Zancen siyasarsa sananne ne: ya ƙaro ilmi a Landan a 1945, ya yi minista, ya zama Firayim Minista a 1957, da shi aka karɓi 'yancin Najeriya a 1960. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gwamnatinsa ce ta yarda hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar sauraron kumbo a bayan garin Kano.

Me ya kai su Kano? Saƙon rediyon kumbo a miƙe yake tafiya, duniya kuwa ƙwallo ce. Kumbon Mercury yana zagaye ta cikin kamar awa ɗaya da rabi, tasha guda ba ta jin sa sai na 'yan mintoci, ya ɓace. Dole a jera tashoshi, wannan ta miƙa wa waccan, kamar zangon fatake. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya zagaya duniya sau uku, Kano na cikin jerin, tsakanin tsibiran Kanari da Zanzibar. In na faɗa wa ɗalibaina haka, wasu sai su ɗauka zolaya ce.

Shekara ta zagayo, Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2 a Yulin 1963, can sama kusan kilomita 36,000. A wannan nisa zagayensa ya yi daidai da juyawar duniya, don haka ba ya kuɓuce wa yankin da yake kallo. Aka girke jirgin ruwa Kingsport mai ɗauke da babbar eriya a tashar Legas. Ranar 23 ga Agusta, Malam Abubakar ya ɗaga waya, muryarsa ta hau tauraron ta sauka Amurka, Shugaba Kennedy ya amsa. Shi ne karon farko da shugabannin gwamnati biyu suka yi hira ta tauraron ɗan'adam. Sun gaisa, sun taɓo yarjejeniyar hana gwajin nukiliya, har da damben Dick Tiger, ɗan Najeriyar da ya doke Ba'amurke a Ibadan a watan. A ganina an dace da mai magana, don saboda daɗin lafazinsa ake masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Dabarun nan biyu, eriya a ƙasa da ɗan aike a sama, su ake bi har yau. NASA na da manyan tashoshi uku, a Kalifoniya, da kusa da Madrid, da kusa da Kanbera, an raba su yadda ko yaya duniya ta juya akwai mai saurare. Farantin babbar eriyarsu mita 70 ne faɗinsa. Da su ake jin Voyager 1 da aka harba tun 1977, wanda saƙonsa ke shafe sama da awa 22 kafin ya iso. Motocin da ke yawo a duniyar Mirrik (eh, mai sunan ƙungiyar ƙwallon nan ta Omdurman) galibi ba sa turo hotunansu kai tsaye, sai su miƙa wa taurarin da ke zagaya ta, su kuma su iso da su.

Masu hirar ta ranar ba su daɗe ba. Bayan wata uku aka harbe Kennedy. Shi kuma Malam Abubakar, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya. A Bauchi aka binne shi. Allah Ya jiƙansa da rahama.