Muhammadu al-Kashinawi: Bakatsinen da ya rubuta ƙa'idar jera lambobi

Injiniyan da ke son hannun mutum-mutumi ya jera kaya a rumbun ajiya, dole ya tsara masa ƙa'ida: inda zai fara, inda zai ajiye na gaba, da abin da zai yi idan ya tarar gurbi a cike. Kusan shekaru 300 da suka wuce, wani malamin Katsina ya rubuta irin wannan ƙa'ida, amma ta jera lambobi.

Sunansa Muhammadu ibn Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya yi karatu a ƙasar Hausa da Barno, ya ƙware a nahawu da ilimin taurari da hisabi, sannan ya tafi aikin hajji wajen 1730. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimi, wato murabba'in da ake cika gidajensa da lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimilla ɗaya. Mai gida 9 yana ba da 15, mai gida 25 kuma 65.

Masu zana hatimi sun daɗe kafin zamaninsa. Abin da ya ɗaukaka aikinsa shi ne bayanin hanyar mataki-mataki, musamman ga murabba'in da adadin layukansa mara ne: gidan da lamba ta farko za ta zauna, takun da za a bi zuwa ta gaba, da mafita idan taku ya fita gefe ko ya faɗa gidan da aka cika. Duk wanda ya bi ƙa'idar zai gama daidai ba tare da lalube ba. Wannan shi ne abin da masana kwamfuta ke kira algoridim.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya adana labarinsa. A 1973 Claudia Zaslavsky ta gabatar da aikinsa ga masu karatun Turanci a littafinta Africa Counts.

Har gobe ana zana hatimi a zaurukan malamai, daga Katsina zuwa unguwar Hausawa ta Agege, amma galibi a matsayin asiri. Lissafin da ke cikinsa yana jiran ranar da masu tsara manhajar karatu a Abuja za su kai shi aji.