Taƙaitaccen tarihin Joseph Licklider, wanda ya share fagen intanet

Farfesa Joseph Licklider na Amurka bai karanci aikin injiniya ba, kuma ba shi ne ya haɗa wayoyin intanet ba. Amma masana tarihin na'ura mai ƙwaƙwalwa na sanya shi a sahun gaba cikin waɗanda suka share mata fage, saboda rawar da ya taka wajen karkata kuɗaɗen gwamnati zuwa ga binciken jami'o'i.

An haifi Joseph Carl Robnett Licklider ne a ranar 11 ga watan Maris na 1915 a birnin St. Louis na jihar Missouri, kuma shi kaɗai ne ɗa a wurin iyayensa.

Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Washington da ke birnin a 1937, inda ya haɗa lissafi da fiziks da ilimin halayyar ɗan Adam. A 1942 ya samu digirin digirgir a Jami'ar Rochester kan yadda kunne da ƙwaƙwalwa ke fahimtar sauti.

A lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a Jami'ar Harvard, a wani sashe da ke binciken yadda sojojin sama za su ji maganar juna duk da ƙarar injin jirgi. A 1950 ya koma Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT.

Ɓaure da ƙwaronsa

A wancan zamani kwamfuta guda kan cika ɗaki. Mai bincike yakan miƙa aikinsa ne a kan katuna masu huji, sannan ya jira sa'o'i, wani lokaci har washegari, kafin ya ga sakamako. Kuskure ɗaya kan mayar da shi baya.

A 1957 Mista Licklider ya bi diddigin yadda yake tafiyar da lokutan aikinsa, inda ya gano cewa kimanin kashi 85 cikin ɗari na ƙarewa ne wajen neman takardu da lissafi da zanen jadawali, maimakon tunanin kansa.

Wannan ne ya haifar da maƙalar da ya wallafa a 1960 kan cuɗanyar mutum da kwamfuta. Ya buga misali da itacen ɓaure da wani ɗan ƙwaro da ke rayuwa a cikin 'ya'yansa, waɗanda babu wanda zai wanzu in babu ɗan'uwansa. A ganinsa, mutum ne zai riƙa yanke shawara, na'ura kuma ta ɗauki wahalar lissafi, suna musayar bayani nan take.

Shekaru biyu a Pentagon

A watan Oktoban 1962 aka naɗa shi shugaban ofishin binciken kwamfuta na hukumar ARPA, wadda Amurka ta kafa a 1958 bayan Tarayyar Sobiyet ta riga ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik.

Maimakon ya taƙaita ga kamfanonin ƙera makamai, sai ya nemo haziƙan malaman jami'a ya ba su kuɗi, ya kuma sakar musu mara.

Da tallafin dala miliyan 2 aka soma shirin Project MAC a MIT a 1963, inda aka bunƙasa tsarin karɓa-karɓa: kwamfuta guda na yi wa mutane kimanin 30 aiki bi da bi, cikin saurin da kowa zai zaci shi kaɗai take saurara. Jami'ar California da ke Berkeley da Cibiyar Fasaha ta Carnegie su ma sun amfana, haka ma Douglas Engelbart, wanda ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta.

Sai dai kwamfutocin waɗannan cibiyoyi ba sa jin yaren juna. A watan Afrilun 1963 ya aika wa masu binciken wata wasiƙa, yana ba da shawarar a haɗa na'urorin wuri guda, ta yadda wanda ke wata jami'a zai yi amfani da manhaja ko bayanan da ke wata.

Ya bar ofishin a 1964 zuwa kamfanin IBM, ba tare da an soma aikin ba.

Haruffa biyu

Robert Taylor, wanda ya karɓi ragamar ofishin a 1966, shi ne ya samo kuɗin aiwatar da shirin. A ranar 29 ga watan Oktoban 1969 aka aika saƙon farko ta hanyar sadarwar ARPANET, daga Jami'ar California da ke Los Angeles zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford. Haruffa biyu kacal, L da O, suka isa kafin na'urar ta tsaya. Zuwa ƙarshen shekarar an haɗa cibiyoyi huɗu.

Dabarar yayyanka saƙo zuwa ƙananan ƙunshi, wadda hanyar ta dogara a kanta, ba tasa ba ce. Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Birtaniya ne suka samar da ita, kowa a nasa ɓangaren.

Mista Licklider ya shugabanci Project MAC daga 1968, sannan ya sake komawa ARPA a 1974. Amma a lokacin al'amura sun sauya, domin majalisar dokokin Amurka ta riga ta ƙayyade cewa kuɗin tsaro su tafi ga binciken da ke da alaƙa da aikin soja kai tsaye. A 1975 ya koma koyarwa a MIT, inda ya yi ritaya a 1985.

Ya mutu a ranar 26 ga watan Yunin 1990 a garin Arlington na jihar Massachusetts, sakamakon cutar asma, yana da shekaru 75.

A shekarar ce aka rufe ARPANET, bayan intanet ta maye gurbinta. Shekara guda bayan mutuwarsa aka buɗe wa jama'a shafukan yanar gizo.