NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, DA MAKARANTAR CIKIN GIDA

Sau da yawa mu kan ji iyaye suna kuka, wai yaransu ba su ci gaba da karatu, sa'an nan su ɗora laifin duka a kan malamin makaranta. Shi ya sa muka ga ya kamata yau mu kawo wa masu karatu labarin wata baiwar Allah wadda ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta zama malamar dubban mata. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

An haife ta a Ɗagel wajen shekarar 1793, ita da ɗan'uwanta Hasan, tagwaye. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka rene ta. Gidan nan kuwa gidan karatu ne, maza da mata. Shehu da kansa ya zargi malaman zamaninsa a cikin littafinsa Nurul Albab, domin suna karantar da almajirai a waje, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Abin da ya hana wa wasu bai yarda ya auku a gidansa ba. A nan Asma'u ta yi karatun allo, ta sauke Alƙur'ani, ta shiga littattafai, har ta ƙware da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma ji harshen Buzaye.

Kada mai karatu ya zaci cikin hutu aka yi wannan karatu. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. Daga nan sai yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har aka ci Alƙalawa cikin 1808. Duk da haka ba a jingine allo ba, ba a kuwa yar da littattafai ba.

An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu cikin 1817, ita da mijinta suka duƙufa wajen tattara rubuce-rubucensa don kada su salwanta. Ita ma ta yi ta wallafa nata cikin harsuna uku. Cikin 1831 ta juya waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, watau Tabbat Haƙiƙa, domin wanda bai ji Fulatanci ba shi ma ya amfana. Ta kuma tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeriyar waƙa, yadda mai koyo zai riƙe su bi da bi ba wuya.

Babban aikinta shi ne na 'Yan Taru. Ta lura matan ƙauye ba su da halin barin miji da 'ya'ya su zo birni neman ilmi. Saboda haka ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, ta karantar da su, ta naɗa kowace da malafa da jan rawani, ana ce da ita Jaji. Jaji kan jawo ayarin tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su koyi tsarki da salla da kyawawan halaye cikin waƙa, su koma su koya wa na gida. Ta haka ilmi ya shiga ɗakin da malami namiji ba ya iya shiga. Ta rasu cikin 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To, jama'a, mene ne rabonmu cikin wannan labari? Mu a ganinmu abu huɗu ne.

Na farko, uba ya fara da gidansa. Abin kunya ne malami ya wuni yana koya wa 'ya'yan wasu, ko akawu ya wuni da alƙalami a ofis, nasa ɗan kuwa bai taɓa ganin ya buɗe masa littafi ba. A keɓe lokaci sananne, ko da rabin sa'a ne bayan magariba, kada a saɓa. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a wata.

Na biyu, kada a bambanta mace da namiji. Da Shehu ya bar Asma'u ga daka da tankaɗe kaɗai, da ba a yi 'Yan Taru ba. Yarinyar da aka koya wa yau, ita ce za ta fara koya wa jikokinka gobe.

Na uku, a bayyana wa yaro da harshen da ya ke ji. Asma'u ta san Larabci sarai, amma da Hausa da Fulatanci ta yi wa talakawa magana. In yaro ya karanta, a sa shi ya faɗi ma'anar da bakinsa. Abin da ke da wuyar riƙewa kuwa, kamar jadawalin lissafi ko sunayen watanni, a sa masa kari ya riƙa rerawa.

Na huɗu, wanda ya iya ya koya wa na bayansa, kamar yadda Jaji ta ke yi. Wa ya duba allon ƙane, uwa ta saurari karatu ko tana kan aiki. Mai koyarwa shi ya kan fi kowa riƙe darasi.

Ba mu ce gida ya ɗauke wa makaranta aikinta ba, ko kusa. Sai dai icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, kuma a hannun iyaye ya ke sa'ad da ya ke ɗanye. In mutanen da ke cikin hijira ba su rasa lokacin karantar da 'yarsu ba, wace hujja ke gare mu, mu da ke kwana a ɗakunanmu?

Allah Ya jiƙan Nana, Ya sa mu yi koyi da gidan da ya rene ta, amin.