GEORGE MULLER (1805–1898): BAWAN ALLAH MAI NACIYA CIKIN ADDU'A

Yayin da Ikkilisiyarmu take bikin cika shekara 50, mun ga ya dace mu sa tarihin wani bawan Allah a cikin wannan ɗan littafi. Da yawa cikinmu mun sha jin sunan George Muller a bakin masu wa'azi, cewa ya ciyar da marayu ta wurin bangaskiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shi ma ya sha fama kafin addu'ar kowace rana ta zauna masa.

An haife shi a ƙasar Jamus ran 27 ga Satumba, 1805. Tun yana yaro yakan saci kuɗin mahaifinsa, yana ɗan shekara 16 kuma aka kulle shi a kurkuku saboda ya kwana a masauki ya ƙi biya. Duk da haka mahaifinsa ya tura shi Jami'ar Halle ya koyi aikin fasto, don a lokacin aiki ne mai albashi mai kyau. A watan Nuwamba 1825 wani abokinsa ya kai shi taron addu'a a gidan wani mai bi. A can ya ga mutum ya durƙusa yana roƙon Allah, abin da ya ce bai taɓa gani ba. Wannan dare ne mafarin tubansa.

Ya tafi Ingila a 1829, ya auri Mary Groves a 1830, suka kuma yarda su daina karɓar tsayayyen albashi. A 1832 suka koma birnin Bristol, inda ya buɗe gidan marayu na fari a 1836.

To, a nan muke so mu ɗan dakata. Wajen shekara goma al'adarsa ita ce, da ya tashi ya sa tufafi sai ya durƙusa ya fara addu'a. Amma shi da kansa ya rubuta cewa sau da yawa hankalinsa yakan yi ta yawo, minti goma, minti goma sha biyar, wani lokaci har rabin sa'a, kafin ya soma addu'a ta gaske. Wane ne a cikinmu bai san wannan ba? Gwiwa tana ƙasa, zuciya tana gona ko kasuwa, ko tana lissafin kuɗin makarantar yara. Fasto ne fa, mai kula da marayu, amma haka yake fama.

A shekara ta 1841 ya sāke tsari. Bayan gajeriyar addu'a ta neman albarka, sai ya buɗe Sabon Alkawari ya karanta a hankali, aya bayan aya, yana neman abincin ransa, ba abin da zai yi wa'azi da shi ba. Kafin a jima ayar da kanta takan kai shi ga furta zunubi, ko godiya, ko roƙo domin wani. In ya gama sai ya wuce aya ta gaba. Sau da dama yakan yi wannan yana tafiya a fili kafin karin kumallo. A ganinsa, aikin fari na kowace safiya shi ne ransa ya sami farin ciki cikin Ubangiji. Bai bar wannan hanya ba har tsufansa.

Yana kuma rubuta roƙe-roƙensa da kwanan wata, in amsa ta zo ya rubuta ta. Bai taɓa roƙon mutum kuɗi domin marayun ba, bai kuma ci bashi ba. Akwai ranakun da gari ya waye babu kuɗin abincin rana, shi da ma'aikatansa suka taru suka yi addu'a, taimako kuma ya iso. Tsakanin 1849 da 1870 an gina manyan gidaje biyar a Ashley Down, kuma marayu fiye da 10,000 suka sami reno a zamaninsa.

Kada mu ɗauka kowace amsa da sauri ta zo. A watan Nuwamba 1844 ya fara addu'a kullum domin mutum biyar su sami ceto. Na fari ya tuba bayan wata 18, na biyu bayan ƙarin shekara biyar, na uku bayan ƙarin shekara shida. Sauran biyun kuwa, ya yi ta kai su gaban Allah kowace rana fiye da shekara 50. Iyayen da ke kuka a kan ɗan da ya bar sujada za su gane nauyin wannan. Baƙin ciki ma bai tsallake gidansa ba. Ɗansa namiji ya rasu yana jariri, matarsa Mary ta rasu a 1870, shi ne kuma ya yi wa'azin tunawa da ita daga Zabura 119. 'Yarsa Lydia ta riga shi a 1890.

Yana kusan shekara 70 ya fara tafiye-tafiyen wa'azi, ya yi shekara 17 yana zaga ƙasashe 42. Ran 9 ga Maris, 1898, ya bi da taron addu'a da yamma kamar yadda ya saba. Washegari da safe aka kai masa shayi, aka tarar ya riga ya huta, yana da shekara 92.