Mendeleyef, Autan Makaho Da Ya Jera Sinadaran Duniya

Duk ɗalibin kimiyya a sakandaren Yola da Jimeta, ko a Jami'ar Modibbo Adama, ya san babban jadawalin nan na sinadarai da ake liƙawa a bangon ɗakin gwaje-gwaje. To, ga tarihin mutumin da ya tsara shi.

An haifi Dimitiri Mendeleyef a garin Tobolsk cikin ƙasar Rasha a 1834, shi ne auta a gidansu. Mahaifinsa shugaban makaranta ne, amma ya makance, kuma ya mutu a 1847. Uwar ce ta riƙe gida da wata masana'antar gilashi, ita ma gobara ta cinye ta. Duk da haka matar nan ba ta karaya ba. Ta ɗauki ɗanta har birnin Mosko neman makaranta, aka ƙi karɓarsa, ta zarce da shi Santa Fitasbag, inda ya shiga kwalejin horar da malamai a 1850. Cikin shekarar nan ta mutu.

A 1867 ya zama shehun malamin ilmin sinadarai a jami'ar birnin. Yana cikin rubuta wa ɗalibansa littafi ne ya jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, sai ya lura halayensu na maimaita kansu, dangi-dangi. A 1869 ya fito da jadawalinsa.

Ga misali, lithiyam da sodiyam da fotashiyam dangi guda ne. Ƙarafa ne masu taushi da wuƙa ke yankawa, kuma yayin da aka gangara layin, zafin karonsu da ruwa na ƙaruwa. Dangin kulorin da aidin kuwa ƙarfinsu raguwa yake yi zuwa ƙasa. Sodiyam da kulorin ne ke haɗuwa su ba da gishirin miya, akwai sodiyam cikin kanwar da ake sayarwa a kasuwar Jimeta, fotashiyam kuma na cikin tokar murhu.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne guraben da ya bari fanko, ya kuma bayyana siffofin sinadaran da za su cike su tun ba a gano su ba. Da ya kuskure, da ya zama abin dariya. Sai ga shi an gano galiyam a Faransa a 1875, sikandiyam a Suwidin a 1879, jamaniyam a Jamus a 1886, duka kusan yadda ya hango.

A 1890 ya bar jami'a bayan ya kai wa ministan ilmi koken ɗalibai an ƙi sauraronsa. Ya mutu a 1907 bai sami lambar Nobel ba, amma a 1955 aka raɗa wa sinadari na 101 sunansa. Yau jadawalin na ɗauke da sinadarai 118.

Iyaye, a duba irin wahalar da uwar nan ta sha domin karatun ɗanta.